Ciwon hanta: Lokaci ya yi da Samaru da Shika za su haɗa ƙarfi

Tsakanin Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Masanan Samaru sun ƙware a kan gyaɗa da masara, likitocin Shika kuma su ke karɓar majinyatan da ke zuwa da kumburin ciki da shawara. Akwai cutar da ta haɗa aikinsu, wato kansar hanta.

Abu biyu ne ke kan gaba wajen haddasa ta a wannan yanki. Na farko ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da shi. Yawanci ana kamuwa tun ana yara, cutar kuma takan yi shekaru tana cin hanta ba tare da wata alama ba. Na biyu gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da aka adana ba su bushe sosai ba. Girki ba ya kashe ta, don haka tana iya bin ƙuli-ƙuli da tuwo ta shiga jiki. Binciken da aka yi a birnin Shanghai na Sin a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa wanda abu biyun suka haɗu a jikinsa ya fi kowa haɗarin kamuwa da kansar nesa ba kusa ba.

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A shekarun 1970 Dakta Y. M. Fakunle da abokan aikinsa sun yi nazari a kan kansar hanta a asibitin jami'ar. Hilton Whittle, wanda shi ma ya yi aiki a Zariya a lokacin, ya koma Gambiya, inda ya shiga sahun masu gwajin rigakafin ciwon hanta. Babban binciken da aka fara can a 1986 ya bi diddigin yara shekara da shekaru, ya kuma tabbatar da cewa rigakafin na kare su. Sai a 2004 Najeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara.

Irin wannan dogon bincike ne ya kamata a kafa a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. A ɗauki mazaɓu kamar Zabi da Samaru, a yi wa masu sha'awa gwajin jini kyauta, a riƙa duba su lokaci-lokaci, a kuma auna gyaɗa da masarar rumbunansu da ta kasuwar Sabon Gari. Da haka ne za a san ko jarirai nawa ke samun allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, musamman waɗanda aka haifa a gida, da kuma lokacin da gubar ta fi yawa a abinci.

Maganin ma ba lallai ya yi tsada ba. A ƙasar Gini, wani bincike da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa, shanya ta a tabarma da ɗora buhuna a kan katako sun rage gubar a jinin mazauna ƙauyuka da fiye da rabi.

Sai dai akwai sharaɗi. Jama'ar Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba. Dole a yi wa kowa bayani da Hausa, a nemi yardarsa, a rufa masa asiri, sannan duk wanda gwaji ya nuna yana buƙatar magani a ba shi, kamar tenofovir. A ɗebi jinin mutum a sallame shi da takarda kawai zalunci ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar shawo kan ciwon hanta, kuma lokacin ya ƙarato. Ya rage ga hukumar jami'ar, asusun TETFund da Gwamnatin Jihar Kaduna su ware kuɗin wannan aiki, hakimai da limamai kuma su shige gaba wajen wayar da kan jama'a.