Kifin Kasuwa Da Ƙwayoyin Cutar Da Suka Daina Jin Magani

'Yan uwa, da yawa daga cikinmu da kifi muke ciyar da iyali. Wasu na sauke bandar Baga a kasuwannin kudu, wasu na sayar da tarwaɗa a Mile 12 da Agege, sauran kuma mu ne masu saye mu kai gida. Don haka wannan magana tamu ce.

Tarwaɗar da muke gani da rai a cikin roba, galibi kiwonta ake yi. Idan kifi ya yi cunkoso a kududdufi, ruwa ya gurɓace, sai ya fara mutuwa. Wasu masu kiwo sai su zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin kafson nan ja da yalo, ba tare da sun nemi likitan dabbobi ba. Ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira, su hayayyafa. Daga nan sai su biyo kifin zuwa kasuwa, su hau wuƙa da katakon yanka da ruwan wanki da hannun mai sayarwa. Ranar da yaro ya kamu da gudawa daga irinsu, maganin da aka saba da shi ba zai yi aiki ba, sai an nemi mai tsada, wani lokaci har da kwanciya a asibiti.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da ke bijire wa magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Ba muna cewa a daina cin kifi ba ne. Dahuwa sosai tana kashe ƙwayoyin cutar. Amma wuta ba ta fitar da duk ragowar maganin da ke jikin kifin, shi ya sa gyaran dole ya faro daga kududdufi. Mai kiwo ya riƙa sauya ruwa, ya rage cunkoso, in ya ba da magani ya jira kwanakin da likita ya ƙayyade kafin ya sayar.

Mu 'yan kasuwa, mu daina wanke kifin yamma da ruwan safe, mu rufe shi daga ƙuda. A gida, wuƙar da ta yanka ɗanyen kifi kada ta taɓa tumatir ko albasar da za a ci ɗanye sai an wanke ta da sabulu.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin masu kifi su mayar da wannan doka a rumfunansu, su kuma tambayi mai kawo kaya abin da ya bai wa kifinsa. Hukumar NAFDAC ita ma ta tsaurara ido kan sayar da waɗannan magunguna barkatai. Kifin da muke sayar wa mutane, shi 'ya'yanmu ke ci da daddare.