Kafin Ka Yi Ƙaura Daga Wata Waya Zuwa Wata

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanena ya biyo ni gida, ya gaishe ni, ya sami gefen tabarma ya zauna, sa'an nan ya ce, "Baffa, shawara na zo nema." Yaron nan yana tsaron shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, shekara uku ke nan yana riƙe da wata Tecno wadda da ita yake tura wa abokan cinikinsa na Maraɗi da Damagaram hotunan kaya, ya karɓi saƙon kuɗi, ya rubuta bashi. Yanzu kuwa ya ƙudura niyyar sayar da ita, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi iPhone ta hannu, irin wadda 'yan kasuwa ke kira Landan yus. Na ba shi hankalina kamar yadda zan ba wanda ya zo da maganar aure ko ta sayen gida, domin a zamanin nan rabin dukiyar mutum da sirrinsa da zumuncinsa suna cikin wannan ɗan ƙarfe, kuma abin da ya ɗauki wannan matsayi bai kamata a yanke hukunci a kansa da gaggawa ba.

Abin da mafi yawan mutane ba su lura da shi ba shi ne, wanda ya bar Tecno ya koma Samsung ko Infinix, ɗaki kawai ya sauya a cikin gida ɗaya, tun da dukkansu a kan tsarin Android na kamfanin Google suke tafiya; amma wanda ya bar Android ya koma iPhone, ko ya bar iPhone ya koma Android, wannan ya yi ƙaura ne daga gari zuwa gari, inda sarauta dabam, kasuwa dabam, ma'auni dabam. Kamfanin Apple ya fito da iPhone a shekarar 2007, shi ke ƙera wayar, shi ke rubuta tsarin da ke tafiyar da ita, bai kuma yarda wani ya ɗora tsarin nan a kan tasa wayar ba. Android kuwa, wanda Google ya saya tun 2005, wayarsa ta farko ta shiga kasuwa a 2008, an bar ƙofarsa a buɗe ga kowane maƙeri, shi ya sa kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya iya ƙera Tecno da Itel da Infinix daidai da aljihunmu da halin ƙasarmu: layi biyu saboda sabis ɗin da ke zuwa ya ɗauke, batir mai jimiri saboda wutar da ba a san ranar dawowarta ba.

Mu da muka ga shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 muna da wata izina da matasa ba su da ita. Mun ga zamanin da Nokia ta mallaki duniya har ana ganin mulkinta ba shi da ƙarshe. Mun ga zamanin BlackBerry, lokacin da saurayin da ba shi da lambar BBM, wato manhajar hirarta, ake masa kallon wanda bai waye ba, ana cin bashi a saye ta, ana fasa adashi dominta. Ga shi an rufe BBM ɗin a 2019, a watan Janairu na 2022 kuma kamfanin ya janye hannunsa daga tsofaffin wayoyinsa baki ɗaya. Waɗanda suka bi Nokia Lumia zuwa tsarin Windows su ma haka suka wayi gari Microsoft ya bar tafiyar. Ban kawo wannan don in ce Apple ko Google sun kusa faɗuwa ba, sai don in tuna wa mai karatu cewa martabar da waya ke ba mai ita aro ce, ƙarshenta a zo a karɓe, alhali kuɗin da ya zuba ba ya dawowa.

Malamanmu na usulu sun kasa bukatun ɗan Adam gida uku: akwai larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, akwai haja, wadda rashinta ke jawo ƙunci da wahala, akwai kuma tahsini, wato ƙawa da kyautatawa. Ba su haramta ƙawa ba, sai dai sun hana a sayar da larura a sayo ta. Da wannan mizani na auna maganar ɗana, na tambaye shi wane aiki ne wayarsa ta gaza yi masa wanda yake fatan sabuwar za ta yi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya faɗi gaskiya, Allah ya yi masa albarka, cewa idan ya fito da ita a gaban abokansa ko gaban wata hajiya mai sayen kaya da yawa, yakan ji kamar an rage masa daraja. Ban raina wannan dalili ba, domin na san kasuwa, na san ido yana ciniki kafin baki. Amma na san kuma cewa hajiyar nan abin da zai dawo da ita shagonsa shi ne yadi ya cika, launi kada ya zuba, alkawari kada ya tashi, kuma ban taɓa jin wanda ya yafe wa ɗan kasuwa algus saboda kyan wayarsa ba.

A nan ne nake so in daɗe, wato a kan abin da mai ƙaura ke bari a baya. Wayar mutum a yau rumbu ce. A cikinta akwai lambobin da ya shekara goma yana tarawa, da hotunan 'ya'yansa tun ranar suna, da karatun malamai da tafsirin watan azumi da ya bi masu turawa a bakin kasuwa ya cika katin ajiya da su, da rasit na kuɗin da ya tura, da hirarrakin WhatsApp waɗanda sau da yawa su ne kaɗai shaidar bashi tsakaninsa da abokin ciniki. To, ajiyar da WhatsApp ke yi wa mai Android tana zuwa rumbun Google ne, ta mai iPhone kuwa tana zuwa rumbun Apple, wato iCloud, kuma ɗaya ba ya buɗe ƙullin ɗaya. Sai a 2022 aka buɗe hanyar kwashe hira daga Android zuwa iPhone ta wata manhaja mai suna Move to iOS, ita ma da sharaɗin iPhone ɗin ta kasance sabuwa ko an goge ta tas, kuma tsohuwar wayar tana hannu a lokacin. Wanda ya riga ya sayar da tsohuwar don ya cika kuɗin sabuwar, kamar yadda ɗana ya shirya yi, ya rushe gadar tun bai haye ba. Manhajar da ka saya da kuɗi a wancan gida sau da yawa sai ka sake sayenta a wannan. Ta banki kuwa sai an sake tantance ka, in layinka na da matsala da lambar NIN sai ka yi sintiri kafin ka taɓa kuɗinka.

Ina faɗin wannan ne da ciwo a zuciya. Shekarun baya na sauya waya cikin gaggawa, na miƙa tsohuwar ga mai saye aka goge ta a gabana, sai bayan kwana biyu na farga cewa saƙonnin murya na yayana, Allah ya jiƙansa, waɗanda ya riƙa turo mini daga gadon jinya, sun tafi tare da ita. Ba laifin kowa ba ne face rashin tsayawata in yi tambaya. Har yau idan na tuna yadda yake kiran sunana a farkon kowane saƙo, nakan ji da ma wayar ce ta ɓace muryar ta saura.

Bayan wannan akwai ƙananan abubuwa da mutum ba ya sanin nauyinsu sai ya rasa. IPhone ba ta da gurbin katin ajiya, ba ta kama rediyon FM, kuma tun 2016 aka cire mata ramin abin sauraro na kunne. Ga Bahaushe kuwa, wanda rediyo abokin hirarsa ne tun asuba, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Wurin ajiyar da Apple ke bayarwa kyauta gigabait 5 ne, na Google 15, abin da ya haura sai da biya kowane wata. Cazarta ma sai daga iPhone 15, a 2023, ta koma irin ta sauran wayoyi, bayan Tarayyar Turai ta kafa doka a kan haka. Wadda ta girme ta, in ka manta igiyarka a gida, sai ka yi ta cigiya.

Sai maganar sayen ta hannu, wadda a ganina ita ce mafi hatsari, domin cinikin yana cike da abin da fuƙaha'u ke kira garari, wato sayen abin da ba ka san haƙiƙaninsa ba. Tun 2013 Apple ya sa wani makulli da ke ɗaure waya da asusun mai ita, ta yadda in bai cire sunansa ba, ranar da aka goge ta sai ta zama dutse a hannunka. Kuma sau da yawa wayar da ke da irin wannan makulli ta sata ce, ga asara ga shubuha. Akwai wadda aka sauya wa gilashi ko batir da na jabu. Akwai wadda aka ɗaure da wani kamfanin sadarwa na ƙetare. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga iPhone 14 zuwa sama ba su da ma gurbin sa layi, sai irin layin da ake dasawa ba tare da kati ba. In kuma ta tsufa ƙwarai, manhajoji sukan juya mata baya, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 6 da waɗanda suka girme ta a 2025. Duk mai shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko ta titin Beirut da wannan niyya, wajibi ne ya tafi da masani amintacce, ya duba lafiyar batirin a cikin wayar kanta, ya sa a goge ta a sake kunna ta a gabansa, ya kuma yi sharaɗin mayarwa in aibi ya bayyana, wanda haƙƙi ne da shari'a ta ba mai saye tun kafin a san waya.

Adalci ya wajabta in faɗi ɗaya ɓangaren. IPhone tana da falala ta gaskiya: kamfaninta yakan shekara biyar ko fiye yana aiko mata da gyaran tsaro, alhali wayoyin Android masu araha sukan zama marayu da wuri; tana riƙe darajarta in an tashi sayarwa; hoton bidiyonta kuma yana da kyan da mai sana'ar ɗaukar biki ko mai tallan kaya a intanet zai ci moriyarsa. Wanda abincinsa ke fitowa daga nan, ƙaurarsa haja ce, ba na ce masa kome sai Allah ya sa albarka. Sai dai ya sani cewa Google da Samsung su ma yanzu suna alkawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu, tun daga Pixel 8 da Galaxy S24, saboda haka tsawon rai ya daina zama na gida ɗaya. Haka nan mai iPhone da tsadar gyara ta ishe shi, tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, ba abin kunya ba ne ya komo inda kowane mai gyara a garinsu yake da gilashin wayarsa a aljihun tebur.

Da na gama, ban ce wa ɗana kada ya saya ba, domin kuɗinsa ne, guminsa ne. Na dai nemi abu uku a wurinsa: ya kwafe littafin bashinsa a takarda, ya zuba hotunansa da karatuttukansa a wani wuri da ba na Apple ba ne ba kuma na Google ba, sa'an nan ya ari iPhone ɗin abokinsa ya wuni da ita a shago, ya tura hoto, ya karɓi kuɗi, ya gwada rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ya ga ƙarfe nawa batirin zai kai shi. In bayan haka zuciyarsa ta natsu, ya yi istihara ya saya, amma kada ya saki tsohuwar sai sabuwar ta yi wata guda a hannunsa. Ya ce kuɗinsa ba za su kai ba in bai sayar da ita ba. Na ce to ya ƙara watanni yana tari. Ya jinjina kai, ya juya Tecno ɗin a tafin hannunsa, ya buɗe wani saƙo da wani mutumin Damagaram ya turo masa tun safe yana neman turmi goma sha biyu, ya ce bari ya je ya ɗaure kayan kafin motar yamma ta tashi.