A Ceci Wasiƙun Malamai Da Hotunan Iyaye

Duk wanda ya tashi daga Minna ya kama hanyar Zungeru, ya ratsa Maikunkele, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso inda filin jirgin sama yake, zai ga yadda ginin bulo da kwano yake ta cinye ginin ƙasa. Haka abin yake a garuruwan Arewa da dama, kuma wani kaso na kuɗin wannan aiki daga Kurmi yake fitowa, daga guminsu 'yan kasuwa da mahauta da direbobi mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal. Babu shakka wannan abin yabo ne. Sai dai akwai wata asara da take biyo bayansa wadda ba a cika sanya ta cikin lissafi ba. Ranar da za a rushe ɗakin tsoho, akan fito da adakarsa da gafakarsa, a ware Alƙur'ani da littattafan da aka sani, sauran takardun kuwa a cinna musu wuta, wai don gudun kada a taka sunan Allah. Niyyar tana da kyau, amma abin da ya ƙone ba ya dawowa.

Cikin irin waɗannan takardu ne ake samun wasiƙar da malami ya rubuta wa almajirinsa da ya tafi ci-rani, da amsar tambaya a kan rabon gado, da ijazar karatu mai ɗauke da sunayen malamai bi da bi, da takardar bashin goro ko na shanu, da sanarwar rasuwa. Wanda ya raina su, to, ya tuna da wasiƙun Larabci da Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a shekarar 1903. Wani Bature mai suna Backwell ya tsara fassararsu, aka buga a Ikko a 1927, kuma har yau masana suna komawa gare su domin sanin abin da sarakuna suka riƙa faɗa wa juna sa'ad da sojan Gwamna Lugga suke matsowa. Ita kanta Jihar Neja tana da nata misalin. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya sadu da Lugga a Ingila a 1943, suka kuma yi musayar wasiƙu a kan halin da Arewa take ciki. Da yake an adana takardunsa, bayan rasuwarsa a 1981 Alhaji Abdurrahman Mora ya samu abin da ya tsara, littafin tarihin rayuwarsa ya fito a 1989.

Wani zai ce ai waɗannan manya ne, kuma hukuma tana da wurin ajiyarta. Gaskiya ne Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin ofishin Lardin Neja na Minna. Amma abin da ke ciki galibi maganar Razdan ce da Di'o da En'e: haraji, da jangali, da iyakar ƙasa, da naɗin hakimai. Talaka a wurin adadi ne kawai a takardar kuɗin ƙasa. Haka nan unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, littafin da aka fi saninta da shi na wani Bature ne, Abner Cohen, wanda ya fito a 1969. Muryar mutanen Sabo da kansu, yadda suka yi kewar gida, da wanda ya sauke su, da malamin da suka nemi addu'arsa kafin su ɗora kaya a jirgin ƙasa, tana cikin wasiƙun da suka aika gida. Rabin zancen yana adaka a Maikunkele ko Kontagora ko Bida, ɗaya rabin yana ƙarƙashin gado a Agege ko Sabo. In ɗaya ya salwanta, ɗayan ya zama amsa ba tambaya.

Ba wuta da gara da ɓera kaɗai ne abin tsoro ba. Mazauna Kurmi ba sa bukatar a tuna musu da rikicin Shagamu na 1999, ko na Idi-Araba na 2002, ko na kasuwar Shasha a Badun na 2021, inda mutane suka tsira da tufafin jikinsu kawai. A gida ma, ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta tafi da gidaje da duk abin da ke cikinsu, mutanen ƙauyukan Shiroro da Rafi da 'yan bindiga suka kora kuwa ba wanda ya tsaya ɗaukar gafaka.

Hoto ya fi wasiƙa saurin mutuwa, ko da takardarsa ba ta lalace ba. Wasiƙa tana ɗauke da sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, hoto kuwa bebe ne. Hoton da aka ɗauka a shagon mai hoto ranar Salla, ko ranar dawowa daga Makka, ko gaban sabuwar mota a tasha, darajarsa tana bakin tsohuwar da za ta iya nuna kowa ta faɗi sunansa da na ubansa. Ranar da aka binne ta, jikoki sai su ga baƙin fuskoki cikin manyan riguna, daga nan kuma sai hoton ya koma abin wasan yara.

Saboda haka wajibi ne duk mai shirin zuwa gida ya ware yini guda domin wannan aiki, ya zauna da tsofaffi, a rubuta suna da wuri da shekara a bayan kowane hoto da fensir, domin tawadar biro tana cin takarda. Kada a warware ƙunshin wasiƙu a raba wa magada ɗai-ɗai, gama yadda mai su ya jera su ma labari ne. Kada a liƙe su da gam ko a gasa su cikin leda. A ɗauki hoton kowace takarda ciki da baya da wayar hannu, a ba 'yan'uwa biyu ko uku da ba gari ɗaya suke zaune ba. Ainihin takardun kuwa a ɗaga su daga ƙasa, nesa da danshi.

Bayan wannan sai maganar kai su inda masana za su amfana, kamar Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, yake kuma a gidan Sardauna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ko ita Ma'ajiyar ta Ƙasa. Iyalai da yawa suna ɗari-ɗari, kuma suna da hujja, domin a cikin takardun malami akwai asirin mutane, akwai bashi, akwai rigimar aure. Maganin wannan shi ne rubutacciyar yarjejeniya, wadda za ta bayyana cewa kayan na iyali ne, ta ware abin da ba za a buɗe ba sai bayan wasu shekaru, ta kuma ba iyalin kwafi. Wanda bai yarda ya rabu da ainihin takardun ba, ya ba da hotonsu. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne sayar da su ga dillali.

Ya kamata Sarakunan Hausawa na biranen Kurmi, da limaman unguwanni, da shugabannin rassan jam'iyya, su sa wannan batu cikin tarurrukansu, kowace unguwa ta naɗa wani malami mai karanta ajami da boko ya bi gida-gida ya rubuta abin da ke akwai. Gwamnatin Jihar Neja da Ƙaramar Hukumar Bosso kuma su tura ma'aikata da na'urar ɗaukar hoto zuwa gidajen malamai na Maikunkele da kewaye, su fara da gidajen da aka riga aka sauke yashi da bulo a ƙofarsu.