Filin Mata: Ɗaki A Ƙarƙashin Ɗaki

 

A makon nan za mu ɗan ajiye zancen tukunya da allura, mu leƙa ƙasar Amurka mu ga wani aiki da masu gidaje ke yi a can, watau haƙa ɗaki a ƙarƙashin gidan da an riga an gina. Kada wata ta ce ai wannan zancen maza ne. Gaskiya ne maigida shi ke biyan magini, amma da safe sai ya sa hularsa ya fita. Ke ce mai wuni a ƙarƙashin rufin nan da goyo a baya, in kuwa bango zai yi magana, ke zai fara gaya wa. Ga shi kuma yanzu 'ya'yanmu da dama suna aure ko karatu a can, a manyan garuruwanmu kuma an fara ganin gidaje masu ɗaki a cikin ƙasa.

Wurin rarrafe

Yawancin gidajen zama a Amurka da katako a ke gina su, katako kuwa ba ya shiri da danshin ƙasa, balle gara. Kun san yadda a ke ɗora rumbu bisa duwatsu a bar sarari a ƙarƙashinsa inda kaji ke shan inuwa? To, haka su ke yi wa gidaje da yawa. Sai a yi gajeren bango na siminti a kewaye, a ɗora daɓen katako a kansa. Sararin da ya rage tsakanin ƙasa da daɓen yawanci bai wuce ƙafa 2 ko 3 ba, mutum ba ya iya miƙewa a ciki, shi ya sa a harshensu su ke ce masa wurin rarrafe. Ta nan a ke bi da bututun ruwa da wayoyin lantarki.

A arewacin ƙasar kuwa, gidaje masu cikakken ɗaki a ƙasa sun fi yawa, dalili kuwa sanyi ne. Kun ga yadda kwalba cike da ruwa ke fashewa in ta daskare a firij. Haka ƙasa mai laima ke kumbura in ta daskare, har ta ɗaga harsashin gini ta tsaga shi. Don haka doka ta ce a kai harsashi ƙasa da inda sanyi ke kaiwa. A jihar Minisota zurfin nan inci 42 ne a kudu, inci 60 a arewa, watau ƙafa 5. Wanda ya riga ya haƙa ƙafa 5, ƙarin 'yan ƙafafu ba zai gagare shi ba, sai ya sami ɗaki a araha. A kudu kuwa, kamar Fulorida da Luwiziyana, ƙasa ba ta daskarewa, ruwa kuma yana kusa, in ka haƙa rami sai ya zama rijiya.

To, mai gida mai wurin rarrafe, iyali sun ƙaru, fili ya yi tsada, sai ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa ya ce ga ɗaki nan kwance a banza. Yana so ya sami wurin ajiya, da wurin wanki, da wurin wasan yara, da mafaka in babbar guguwa ta taso.

Lissafin ƙasa

Dokar gini da yawancin jihohinsu ke bi ta ce ɗakin da mutum zai zauna kada tsayinsa ya kasa ƙafa 7. In sararin da ke akwai ƙafa 3 ne, sai an ƙara haƙa wajen ƙafa 5, domin tsakuwa da daɓen kankare za su cinye wani abu.

Ku 'yammatan makaranta, ku ɗauko alli. Gida mai tsawon ƙafa 30, faɗi 30, za a haƙa zurfin ƙafa 5. Ku buga 30 sau 30 sau 5, za ku sami 4,500. In baro ɗaya yana ɗaukar 3 daga cikin wannan, baro 1,500 ke nan, nauyin ƙasar kuwa ya kai wajen tan 200. Da fari ma a durƙushe a ke haƙa, da gajeren shebur da bokiti, sai wuri ya buɗe sa'an nan ƙaramin inji ya iya shiga. Kuɗin aikin yakan kai dala dubu goma-goma har ninki da yawa.

Amma ba wahalar haƙa ce abin tsoro ba. Harsashin gida bisa ƙasa ya ke zaune, ƙasar nan kuma wadda ke gefenta ce ke riƙe da ita. In aka kwashe ta gefe, sai ta ƙarƙashin harsashi ta zame cikin ramin, bango ya biyo ta. Dabaru 3 a ke yi don a tsere wa wannan.

Ta farko, a zurfafa harsashin guntu-guntu. Sai a raba bangon kashi-kashi, kowane kashi ƙafa 3 ko 4, a sa musu lamba 1, 2, 3, a sake 1, 2, 3, har a zagayo. A haƙa ƙarƙashin masu lamba 1 kaɗai, a zuba kankare, a jira ya yi ƙarfi, a cusa siminti mai kauri a 'yar kafar da ta rage tsakanin sabo da tsoho. Sa'an nan a koma kan masu lamba 2. Kamar mace ce mai canza zani, ba ta sakin tsoho sai ta ɗaura sabo. Aikin yana da nawa, amma shi ke ba da ɗaki mai cikakken faɗi.

Ta biyu, ba a taɓa tsohon harsashi ko kaɗan. Sai a matso ciki a bar ƙasar da ke tokare da shi, a gina sabon bango a gabanta, a rufe samanta da kankare. In an gama sai ki ga dakali ya zagaye ɗakin. Wannan ta fi araha, amma dakalin yana cin fili.

Ta uku, a ɗaga gidan ɗungum. A cire bututu da wayoyi, iyali su ƙaura, a zura manyan ƙarafa ta ƙarƙashin daɓe, a sa jak irin na ɗaga mota amma manya, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan ana tokarewa da gumagumai. Kada ku yi mamaki, tsohuwar sana'a ce a wurinsu. Birnin Shikago a cikin fadama aka kafa shi, da za a yi masa magudanan ruwa sai da aka ɗaga gine-ginensa. A 1860 mutum 600 da jak 6,000 suka ɗaga jerin kantuna na bulo fiye da ƙafa 4, ana ciniki a ciki ba a fasa ba.

Ruwa da iska

Duk ramin da aka haƙa, ruwa yana ganinsa gidansa ne. Saboda haka a kan shimfiɗa tsakuwa da leda mai kauri kafin a zuba daɓe, a kewaye gindin bango da bututu mai huji-huji wanda zai tara ruwa ya kai shi wani ɗan rami a kusurwa, inda inji zai zuƙe shi ya fitar waje. A kan gyara indararo ya zubar nesa da bango, a kuma sa ƙasar tsakar gida ta gangara waje. In aka yi sakaci, sai funfuna ta kama tufafi da katifa, yara su yi ta tari. Injin nan kuma da lantarki ya ke aiki, lantarki kuwa ya fi son ɗaukewa a daren da a ke ruwa mai ƙarfi.

A daren 1 ga Satumba 2021 ragowar guguwar nan Ida ta zubar da ruwa a birnin Niyu Yok. Mutum 13 suka rasu a birnin, 11 daga cikinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ruwa ya rutsa da su. Ruwa ta matakala ya ke gangarowa, watau ta hanyar da mutum zai bi ya fita. Saboda gobara doka ta ce ɗakin kwana na ƙasa lalle ya kasance da mafita ta biyu, ƙofa ko taga wadda babba zai iya fita ta ciki, kuma kada gindin tagar ya wuce inci 44 daga daɓe.

Akwai kuma wata iska da a ke kira radon, daga duwatsu da ƙasa ta ke fitowa, ba ta da launi, ba ta da wari. A 1984 wani injiniya a jihar Fensilbaniya ya je aiki a tashar nukiliya, sai na'urar bincike ta yi ƙara a kansa. Da aka bi sawu, ashe daga gidansa ya ɗauko. Bayan taba, iskar nan ce ta biyu wajen haddasa ciwon daji na huhu a Amurka. Ana gwada ta da ɗan abin awo mai araha, maganinta kuwa bututu ne da fanka mai janye ta daga ƙarƙashin daɓe zuwa saman rufi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne hayaƙin janareta da na gawayi. Ɗakin ƙasa ba shi da tagogin kirki, in aka kunna ɗaya daga cikinsu a ciki, gubar tana taruwa, ta hau har ɗakunan sama, mutane su kwanta barci ba su farka ba. Kada ki yarda a ajiye janareta a can wai don gudun ƙara ko ɓarayi.

Abin da ya shafe mu

Mu ƙasarmu ba ta daskarewa, saboda haka babu rabin ramin da sanyi ya riga ya tilasta mu haƙa. Mai son ɗakin ƙasa gara ya sa shi cikin tsarin gini tun daga fari. Gidan ƙasa kuwa, na tubali da azara, ba a haƙa ƙarƙashinsa sam. Ko masai ne ko rijiya ko ramin ɗiban ƙasa, a nisanta shi da gindin bango, naku da na maƙwabta. Ƙiyasin da magina ke bi shi ne, in rami zai zarce harsashi da ƙafa 5, to ya nisanci bangon da ƙafa 5 ko fiye, sai fa in an tokare shi da gini.

In maigida ya zo da wannan shawara, kada ki tare shi da gardama a gaban mutane. Bari ya ci abinci ya huta, sa'an nan ki tambaye shi cikin ladabi. Injiniya ya zo ya duba ƙasar da harsashin? An karɓi izni daga hukumar tsara gari? Da rani za a yi aikin ko da damina? Ina ƙofa ta biyu? Ina ku da yara za ku zauna kafin a gama? Akwai kuma shaidar da ke kin fi shi sani, domin ke ce mai jan guga: a watan Agusta ina ruwan rijiyar unguwa ke tsayawa? In guga yana taɓa ruwa a gaba ɗaya ko biyu, to ɗakin nan tafki zai zama.

In kuma ana haƙa kusa da ku, ki sa ido. In kin ga tsaga a bango, ki yi alama da gawayi a ƙarshenta, ki duba gobe ko ta wuce alamar. Ƙofar da da ta ke rufuwa lafiya in ta fara cijewa, ko ƙasa ta fara zubowa daga rufi, ko kika ji katako yana ƙara da dare, kada ki tsaya kwashe kwanuka. Fitar da yara tukuna, sa'an nan a aika a kira maigida. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya kai mu damina lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.