Sai Masu Gida: Kirari da Nauyin da Ke Bayansa

Sharhinmu na yau zai leƙa Ƙofar Mata ne a birnin Kano, inda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars take karɓar baƙinta.

Duk wanda ya taɓa bi ta wajen filin wasa na Sani Abacha ranar da Pillars ke da wasa, ya san ba sai an yi masa bayani ba. Tun bayan azahar hanya take fara cushewa. Masu adaidaita sahu sun ɗaura tutoci masu ruwan ɗorawa da kore, masu rake da masu gyaɗa sun kama bakin ƙofa, yaro ya riƙe hannun yayansa gam don kada ya ɓace a cikin turmutsutsu. Kafin alƙalin wasa ya busa usur da ƙarfe huɗu, filin ya cika maƙil, kalangu na tashi ta wannan kusurwa, ganga na amsawa ta waccan. Da zarar 'yan wasa sun fito, sai dubban bakuna su haɗu a kan kalma uku: sai masu gida!

Wannan ƙauna ba daga sama ta faɗo ba. A 1990 aka kafa ƙungiyar, bayan da aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Sai da ta yi shekara 18 tana fafutuka kafin ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya karon farko a 2008, a hannun mai horarwa Kadiri Ikhana. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 ƙarƙashin Baba Ganaru, sannan 2014 ƙarƙashin Okey Emordi. A 2019 kuma ta cike gurbin da ya daɗe yana damun magoya bayanta, ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

Amma idan ka zauna da tsofaffin 'yan kallo a majalisa, ba kofi za su fara ba ka labari ba. Labarin 2009 za su ɗauko. A shekarar ce aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin. Aka tashi ɗaya da ɗaya a Najeriya, kowa ya ce shi ke nan, a Alƙahira za a yi musu jana'iza. Sai ga shi an tashi biyu da biyu a can, Pillars ta wuce da ƙwallayen da ta ci a waje, giwar Afirka ta koma gefe tana kallo. Tafiyar ba ta tsaya ba sai a wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare mata hanya.

A gidan Pillars ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a raga, kafin ya wuce Holan. Shi ne dai ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, kuma da ya tashi dawowa wasa a Najeriya a 2021, rigar Pillars ya sake sakawa. A wannan gida ne kuma Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, ya shafe shekara da shekaru yana jan ragamar 'yan wasa, har ya buga da yaran da suka taso suna kallonsa daga kan benci.

Sai dai babban abin alfaharin Pillars shi ne gidan kansa. Daga 2003 har zuwa 2015, kimanin shekara 12, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta yi nasara a kanta a wasan lig, sai da Nasarawa United ta karya wannan lago da ci biyu da ɗaya. Ba ƙafafun mutum goma sha ɗaya kaɗai suka gina wannan katanga ba. Muryar 'yan kallo ce take sa gwiwar baƙo ta yi sanyi, take sa ɗan wasan da ya gaji ya ƙara zabura.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Hannun da ya gina katangar, shi ne kuma ya taɓa rushe ta. A watan Afrilun 2022, a wasan Pillars da Katsina United, wasu 'yan kallo suka tayar da yamutsi, aka farfasa motar baƙi. Hukumar shirya gasar ta ci tarar ƙungiyar, ta zabtare mata maki uku, ta kuma raba ta da filinta. A ƙarshen kakar, zakarar Najeriya har sau huɗu ta faɗa gasar 'yan dagaji. Abin takaici, Katsina United ma ta bi ta. Maƙwabta biyu suka faɗa rami ɗaya, sai a 2023 suka samu suka fito tare. Wa ya ci riba? Wanda ya jefa dutse ya koma gida ya yi barcinsa, ƙungiyar da yake cewa yana so ita ta biya kuɗin sabulu.

Masu sauraro, mu tsaya mu dubi kirarin nan da kyau. Wane ne mai gida a al'adar Bahaushe? Shi ne wanda baƙo ke sauka a zaurensa, a kawo masa ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, ya kwana lafiya ya tashi lafiya. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka. Kano kuwa tun zamanin fatake da ayarin raƙuma da karɓar baƙi ta yi suna. Saboda haka wanda ya ɗaga murya ya ce sai masu gida, ya ɗora wa kansa nauyin mai masauki ne. A ci baƙo biyar da nema a cikin fili, wannan bajinta ce. A tare shi a bakin ƙofa da duwatsu, wannan abin kunya ne ga gari baki ɗaya.

Ba mu ce alƙalan wasa ba sa kuskure ba. Suna yi, wani lokacin ma kuskuren da ke sa zuciya tafasa. Amma ƙorafi yana da hanyarsa a rubuce, kuma ba a taɓa jin jifa ta mayar da ƙwallon da ta shiga raga ba. Ita ma hukumar gasar sai ta gyara alƙalancinta, ta hukunta wanda ya yi son rai, domin hana ɓarna ya fi sauƙi idan mutane sun ga ana adalci.

Akwai kuma aikin da ke kan shugabannin ƙungiyar da gwamnatin jihar Kano da ke ɗaukar nauyinta. Ƙungiyar da ke tara wannan taro bai kamata ta riƙa zaman jiran baitulmali kaɗai ba. A tsara sayar da tikiti yadda kuɗin zai shiga asusun da ya dace, a samar da riguna na asali da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye, a jawo 'yan kasuwar Kwari da Singa su sa hannu, a kuma tanadi isassun jami'an tsaro da masu kula da ƙofofi. Matashin da ke biyan kuɗi a gidan kallo don ya ga Arsenal ko Barcelona, zai biya don ya ga Pillars idan ya tabbata zai shiga lafiya ya fita lafiya.

Kai kuma ɗan'uwa mai goyon baya, ranar wasa ka tafi da tutarka da muryarka, ka bar dutse a inda ka gan shi. Idan ka ga na kusa da kai ya sunkuya zai ɗauka, ka riƙe masa hannu. Maki ukun da za ka ceto a ranar, na Pillars ne.

Mu kwana nan. Wassalamu alaikum.