Wasiƙa Zuwa Ga Makaɗan Ɗan Kassari: Ku Mai Da Idonku Fili

Ɗiyana da ƙannena masu kalangu da ganga, masu goge da gurmi, tare da 'yan amshinku, na Ɗan Kassari da ƙauyukanta, har Matankari da Dogon Dutse da Tibiri.  

Na san ƙoƙarinku. 'Yan'uwanku da yawa sun rataye ganga sun tafi ci-rani Ikko da Kwatano, ku kuwa kun riƙe sana'ar iyaye a lokacin da ake yi mata kallon raini. Hannunku da sauri, kuma kun kai kiɗan Arewa wuraren da ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba. Allah ya saka muku da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne salula. A wani biki da aka yi bayan girbi, a wani ƙauye kusa da babbar hanyar Ƙonni, na ga mai kalangu ya maƙale salula tsakanin kunne da kafaɗa, hannu yana kiɗa, baki yana cinikin wani bikin na gobe. Hammatarsa ta saki tsarkiya, kalangu ya daina magana ya koma bugu kawai. Matan da ke rawa suka dubi juna, ɗaya ta gyara ɗaurin zanenta ta fita fili. Bai ma gani ba. A bayansa ɗan amshi ya ɗaga tasa salular yana ɗaukar hoton kansa, jagora ya kai ƙarshen ɗa ya saki waƙa, babu wanda ya karɓe. Wallahi kunya ta kama ni kamar ni ke riƙe da makaɗin.

Ɗiyana, kalangu ba bugu ba ne. Matsa tsarkiya da sakinta su ke ɗaga murya da sauke ta, har ya faɗi taken mutum yadda baki zai faɗa. Idan hankalinka ya bar hammatarka ko da na ƙiftawar ido ne, ka faɗi wata magana daban, ko ba ka faɗi kome ba. Mahaucin da ake yi wa kiɗa ya san takensa fiye da yadda ka san shi, domin tun yana goye yake jin ana kaɗa wa ubansa. Yana iya ba ka kuɗi don kara, amma a ransa ya gama auna ka.

Ku dubi masu goge na wasan bori a ƙasarmu, ƙasar Lugu da Bagaji. Ba ina kiran kowa zuwa bori ba, kowa da abin da ya riƙe tsakaninsa da Ubangijinsa. Sana'ar nake so ku duba. Kowane iska da nasa kiɗa, mai goge kuwa dole ya riƙe su duka a ka. Yana zaune a tabarma, masu ƙwarya a gefensa, idonsa bai barin ƙafar mai rawa da kafaɗarsa. Daga nan yake gane ko ya ƙara wuta, ko ya sassauta, ko ya juya zuwa wani take. Tun da safe ya riga ya shafa ƙaro a izga, ya taɓa fatar guza ya ji ko sanyi ya sake ta, ya kai ta rana ta ɗame. Mutum irin wannan, ko rumfa ta faɗi a bayansa ba ya waiwaye. Haka muka tarar, a goge da ganga duka. Mai gangar noma yana bin manomi a gayya, yana kallon tashin hauya da saukarta. Makaɗin kokowa yana kallon ƙugun ɗan wasansa, ya san lokacin da ƙarfi ya fara yankewa, ya sako masa takensa daidai nan. Tun da aka fara gasar kokowa ta takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ci, har zuwa zamanin Issaka Issaka namu na jihar Doso, makaɗa na nan a fili tare da 'yan kokowa, kuma ba don ado aka kai su ba.

Ƙanwar salula ita ce liƙi. Ba na ƙin kuɗi, da su muka ci muka sha muka aurar da ɗiya. Amma in alhaji ya sa hannu a aljihu, sai in ga idanun ƙungiya duka sun bi hannun. Kiɗa ya yi sauri ba dalili, waƙar da aka faro a yar da ita a tsakiya, a hau kiran sunan mai jikka. Talakan da ya tashi rawa da dalarsa a hannu an manta da shi tsaye. Taura biyu ba ta taunuwa. Ku sa yaro ɗaya ya tsaya kan tattara kuɗi, shi ne aikinsa, a ƙirga bayan an tashi. Ku miƙa masa salulolinku ma ya zuba a jaka kafin a ɗaura ganga.

Na san amsar da wasunku ke bayarwa in an ce su zauna su yi bita: wai Shata ba ya shirya waƙa, nan take yake yin ta. Gaskiya ne Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙira a fili. To ku saurari faifansa da kyau, ku bar muryarsa tukuna, ku bi masu kalangu da 'yan amshi. Duk inda ya juya suna nan, ba su riga shi ba, ba su makara ba. Mai yin waƙa nan take ya fi kowa bukatar hankali wuri ɗaya, shi da mutanensa. Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana bayan mahaifinsa, sannan bayan wansa Abdu Kurna, yana amshi yana saurare, kafin ya ja ƙungiya. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya riƙe jama'a, ba shi da ɗan amshin da zai rufa masa asiri in ya yi tuntuɓe. A nan Nijar, Malam Maman Barka yana da sunansa a gurmi, amma a 2002 ya tafi yankin Tafkin Chadi ya durƙusa gaban Bukar Tar don ya koyi kiɗan biram, ya koma ɗalibi da girmansa. Ku kuwa yaro ya kwashi waƙoƙi ɗari a salula, ya saurari rabin wannan ya tsallaka zuwa waccan, ya ce ya iya. Wa ya gyara masa hannu? Wa ya ce masa sake?

A da, bayan sallar isha'i ake zama a zaure, ba lasifika, ba 'yan kallo. Take ɗaya za a ɗauka a yi ta maimaitawa a hankali, har hannu ya daina gardama. Maigida ya ce ka rufe ido ka bi kanzagi da kunne. In ka kuskure ba ya barin ka tsaya, sai ka ci gaba ka shigo a amshi na gaba, domin a fili babu tsayawa. In tunanin gida ko na bashi ya ɗauke ka, kanzagin nan za ka kama ka dawo. Yawancin waɗanda suka zauna da mu a zauren nan sun riga mu gidan gaskiya, kuma in na ji yadda ake kaɗa takensu yanzu, sai in rasa wanda zan gaya wa.

Sai magana mai nauyi, tramol. Na ji ana cewa yana sa mutum ya kwana yana kiɗa bai gaji ba. Ƙarya yake muku! Yana kashe jin gajiya, ya kashe kunne tare da ita. Hannu na gudu, mai shi na ganin ya ƙware, masu rawa kuwa sun kasa bin sa. Ƙwayar nan tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, tana kuma kayar da wasu da jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya kasa kai asuba da ƙarfin jikinsa ya miƙa wa ɗan'uwansa makaɗi ya je ya kwanta, babu abin kunya a ciki.

Ku yi mini haƙuri in harshena ya yi kaifi, don ina ƙaunarku ne da sana'ar nan. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi, tun kafin bukukuwan kaka su kankama, kowa ya tsayar da dare ɗaya a mako na bita, a ajiye salula a ƙofar zaure. Tsofaffin da suka rage a Ɗan Kassari da Matankari suna nan da takensu a ka, ku je ku same su tun suna iya riƙe makaɗi.

Wassalam. Naku, babanku a sana'a.