Majinyaci Daban, Macuci Daban: Kan 'Yan Ƙwallo Da Shaye-Shaye

 

Yau ina so ne in taɓo wata magana da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman abokaina na gidan kallon ƙwallo. Duk ranar da labari ya fito cewa an dakatar da wani ɗan wasa saboda ƙwaya, hukunci ɗaya za ka ji ana yankewa tun daga Sabon Ibadan har Agege: ɗan ƙwaya ne, a kore shi har abada, ai shi ya ja wa kansa. Ni kuwa na ce wannan hukunci bai yi ba. Mutane iri uku ne ake cusawa cikin buhu guda a ɗaure bakinsa, alhali kowannensu da irin matsalarsa.

Na farko shi ne macuci, wanda ya sha ƙwayar ƙara kuzari da gangan don ya fi abokan karawarsa gudu da juriya. Wannan ɓarawo ne, a hukunta shi, ba ni da ja. Na biyu shi ne wanda sakaci ko tsautsayi ya rutsa da shi. Kolo Toure ya sha dakatarwar wata 6 a 2011 yana Manchester City, bayan ya sha maganin rage ƙiba na matarsa. Andre Onana, golan Kamaru, an ba shi shekara guda a 2021 yana Ajax, shi ma kan maganin matarsa, daga baya kotun wasanni ta duniya ta rage zuwa wata 9. Dokar ita ce duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Na uku kuwa shi ne wanda shaye-shaye ya kama, ya zama ba ya iya dainawa ko da yana so. A kan wannan na ukun nake magana, kuma abin da nake cewa shi ne dakatarwa ita kaɗai ba ta taɓa warkar da shi ba.

Mu fara da wanda duk ɗan Nijeriya mai shekaru ya sani, wato Diego Maradona. Ranar 25 ga Yuni, 1994, a gasar cin kofin duniya a Amurka, Samson Siasia ya fara jefa ƙwallo a ragar Ajantina, Claudio Caniggia ya rama biyu, aka tashi 2 da 1. Bayan wasan wata ma'aikaciya ta riƙo hannun Maradona zuwa wurin gwajin fitsari, aka samu sinadarin ephedrine, aka kore shi daga gasar tare da dakatarwar wata 15. Wasan nan da ya yi da mu shi ne na ƙarshe da ya buga wa ƙasarsa. To amma wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1991 yana Napoli an same shi da hodar Iblis, nan ma wata 15 aka ba shi. Shi kansa Caniggia da ya ci mu bai daɗe da gama tasa dakatarwar ta wata 13 ba, ita ma kan hodar.

Tambayata ita ce, me wata 15 ɗin nan na farko ya gyara? Maradona da bakinsa ya faɗa cewa tun yana Barcelona ya fara sha, kuma ya bar Barcelona ne a 1984. Ke nan shekara da shekaru yana cikin abin, yana ɗaukar wa Napoli kofin Italiya a 1987 da 1990, masu ci da guminsa suna tafi. Da asiri ya tonu aka tura shi gida ya zauna, ba atisaye, ba wasa, ga kuɗi, ga 'yan kanzagi. Mutumin da ƙwallo ce kaɗai ke tashinsa da safe, ka raba shi da ita ka bar shi da hodar, me kake tsammani? A 2000 zuciyarsa ta kusa tsayawa a Yurugwai, sai Kyuba aka kai shi jinya. A 2004 ya sake kwanciya rai a hannun Allah. Ya rasu a Nuwamba 2020 yana da shekara 60.

Ga kuma misalin da na fi so 'yan uwa magoya bayan Chelsea su saurara da kyau, domin na san kuna da yawa. A 2002 aka samu golansu Mark Bosnich da hodar Iblis. Kulob ya kore shi, hukumar ƙwallon Ingila ta ba shi wata 9. Shi ya faɗa daga baya cewa bayan korar ne shan ya yi masa katutu, kuma bai sake buga wasan ƙwararru ba sai a 2008 a ƙasarsa Ostireliya. A 2004 aka maimaita da Adrian Mutu, ɗan Romaniya da suka saya daga Parma kan fam miliyan 15.8. Aka kore shi, aka dakatar da shi wata 7, sannan kulob ya bi shi da ƙara yana neman diyya. A 2008 FIFA ta ce ya biya Chelsea sama da Yuro miliyan 17. Ya ɗaukaka ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ya faɗi a 2018. Jama'a, wannan tarbiyya ce ko kuwa ɗan kasuwa ne ke neman uwar kuɗinsa? Mu 'yan kasuwa ne, mun san bambancin.

Yanzu mu tsallaka wata unguwar a cikin Landan ɗin dai. A Nuwamba 1994 Paul Merson na Arsenal ya fito ya ce giya da hodar Iblis da caca sun kama shi. Ba a kore shi ba. An kai shi wurin jinya, ya dawo fili a Fabrairu 1995, har ya je wa Ingila gasar cin kofin duniya ta 1998. Kyaftin ɗinsu Tony Adams, wanda ya taɓa zaman kurkuku a 1990 saboda tuƙi cikin maye, ya bayyana a 1996 cewa giya ta fi ƙarfinsa. Kulob ya riƙe shi. Ya ɗaga kofin Firimiya da na FA a 1998, ya sake ɗaga su a 2002, kuma a 2000 ya kafa cibiyar Sporting Chance don jinyar 'yan wasa masu irin ciwonsa. Merson ya sake zamewa daga baya, domin wannan ciwo yakan dawo. Amma ka auna abin da aka samu da riƙo da abin da aka samu da kora, ka gaya mini wanne ya fi.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce malam, waɗannan masu kuɗi ne, yara na kallonsu, in aka yi musu sassauci an buɗe ƙofa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce kada a yi hukunci ba. Wanda ya shiga fili da hodar Iblis a jikinsa ya karya doka, dole a tsayar da shi. Abin da na ƙi shi ne a tsaya a nan. In ɗan wasa ya san cewa ranar da ya buɗe baki ya ce ina da matsala ita ce ranar da za a yaga kwantiraginsa, to ba zai taɓa faɗa ba. Zai ɓoye har sai gwaji ya kama shi ko asibiti ta karɓe shi. Dele Alli, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, sai a 2023 ya iya fitowa ya ce ƙwayar barci ta kama shi, har ya yi mako 6 yana jinya a Amurka. Kafin nan me ake kiransa a gidajen kallo? Malalaci, wanda kuɗi suka lalata.

Ita kanta hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta gane wannan. Daga 2021 ta ware hodar Iblis da wiwi da makamantansu a wani rukuni na daban. In ɗan wasa ya tabbatar ba lokacin gasa ya sha ba, kuma ba don ƙara ƙwazo ba ne, wata 3 ne hukuncinsa, in ya kammala shirin jinya a mayar da shi wata 1. Macuci kuwa yana nan da shekara 4. Wato masu dokar sun raba majinyaci da macuci, mu 'yan kallo ne muka rage a baya.

Akwai kuma dalilin da ya sa abin ya dame ni fiye da ƙwallo. Tun daga Janairu 2024 WADA ta haramta tiramol a lokacin gasa. Tiramol kuwa ba sai na yi wa kowa bayaninsa ba. Chris Kirkland, tsohon golan Liverpool, ya ce ciwon baya ne ya kai shi ga shansa har ya kasa rabuwa da shi. Ashe ba hanyar da ɗan dako da ɗan acaɓa da mai tura ruwa ke bi ba ke nan? Jiki ya gaji, gobe dole a fita, sai a haɗiyi guda, gobe biyu. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Nijeriya, kuma Kudu maso Yamma, inda da yawanmu ke zaune, ita ce kan gaba. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin.

Mu kuma me muke yi in yaronmu ya faɗa? Abin da Chelsea ta yi. Maigida ya sallame shi daga shago, a kore shi daga ɗakin da yake kwana, ko a saka shi a motar shanu a mayar da shi Arewa don kada ya ja mana abin kunya a bakin masu gari. Laifi tudu ne, muna take namu muna hango na Mutu. Alhali ga asibitin Aro a Abeokuta, ga na Yaba a Legas, duk suna da sashen jinyar masu shaye-shaye, ita ma NDLEA tana da masu ba da shawara. Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da su san hanyar waɗannan wurare kamar yadda suka san hanyar ofishin 'yan sanda. Kuɗin belin da ake tarawa in an kama yaro, da an tara rabinsa tun farko da ya isa kai shi ganin likita.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mai sayar da ƙwaya a kama shi, macuci a fili a dakatar da shi, amma wanda ciwo ya kama a kai shi magani, ko ɗan Firimiya ne ko yaron shagonka. Wanda ke da ja a kan wannan, ina sauraronsa.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa.